Yadda Ake Miƙa Tsohon Jirgin Katako Ga Sabon Mai Shi

A kusan kowane wurin gyaran jiragen ruwa da ke bakin kogunan Ingila akwai wani lungu can baya inda ake jera jiragen da masu su suka daina leƙowa. Tamfol ya yayyage, ruwan sama ya kwanta a ciki, ciyawa ta tsiro har ta taɓo gindinsu. In ka tambayi mai wurin labarinsu, da wuya ka ji ya ce guguwa ce ta kawo ɗayansu nan. Wannan, tsufa ne ya cim wa mai shi, kullum yana cewa baɗi zai gyara. Wancan, mai shi ya rasu, magada ba su san ta inda za su kama ba. Na can ƙarshe kuwa an sayar wa wani ne da ya ga ƙyallin katako ya ruɗe, bai tambayi abin da riƙonsa yake ci ba. Jirgin katako da ake kula da shi yana iya kai shekara 80 ko 100 yana aiki, amma hunturu biyu ko uku na sakaci sun isa su kai shi inda gyara ba zai yi amfani ba. Babu lokacin da ya fi hatsari a rayuwarsa kamar lokacin da zai bar wani hannu ya koma wani, kuma mai sayarwa ne ke ɗauke da nauyin ganin ya tsallake wannan mataki lafiya.

Na ɗauki Birtaniya ne domin a can al'adar riƙe tsofaffin jirage ta yi ƙarfi har ta samu rajista da ƙungiyoyi da ƙa'idojin da ake bi. Takardun na can ne, amma halin katako a ruwa ɗaya ne a ko'ina.

Ka fara da lokaci. Ka sayar tun jirgi yana kan ruwa, injinsa yana tashi, kai ma kana da ƙarfin da za ka durƙusa ka nuna wa mai saye inda kowane famfo yake. Alamar cewa lokaci ya yi ba ta ɓuya: shekarar da ka tsallake fenti, ko ka biya kuɗin wurin ajiya cikakke amma fitarka ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, to ka soma neman wanda zai gaje ka. Da yawa suna jinkiri don su ƙarasa gyara tukuna, wai su samu farashi mai kyau. Wannan lissafi ba ya fita. Kuɗin da aka zuba a gyaran tsohon jirgi ba ya dawowa a ranar ciniki, kuma babu jirgin da ya fi wuyar sayarwa kamar wanda aka kwance rabi aka bari a tudu, sassansa a cikin kwalaye. Ka wanke shi, ka kwashe tarkace, ka busar da cikinsa, ka gyara duk abin da zai iya jawo gobara ko nutsewa. Sauran ka rubuta su a takarda. Kada ka shafa sabon fenti a wurin da kake shakkarsa, domin idon gwani nan zai fara sauka, kuma daga nan zai daina yarda da duk abin da ka faɗa.

Tattara tarihinsa

Rabin darajar tsohon jirgi labarinsa ne, labarin kuma sai da shaida. Ka ɗauki fitila ka shiga ciki ka duba babban katakon da ya gitta a ƙarƙashin doron jirgin. In an taɓa yi masa cikakkiyar rajista a Birtaniya, za ka ga an sassaƙa lamba a jikin katakon. Wannan lambar ba ta canzawa ko da an canza wa jirgin suna sau nawa, kuma da ita ake bin sawunsa baya. Akwai littafin rajistar jiragen shaƙatawa na Lloyd's, wanda aka yi ta bugawa daga 1878 zuwa 1980. Wanda ya bi kundayensa zai iya samun sunan maƙerin jirgi, shekarar da aka gina shi, girmansa, irin injinsa, da sunayen waɗanda suka mallake shi ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi ɗan allon tagulla na kamfanin da ya gina shi. In ka taɓa cire shi ka kai gida don ajiya, ka mayar da shi wurinsa, domin na jirgin ne.

Sai ka haɗa duk abin da ke hannunka a fayil ɗaya: zanen ginin jirgin in akwai, tsofaffin hotuna, rasidin kowane gyara, rahotannin masu duba lafiyarsa na baya, littafin tafiye-tafiye, wasiƙun waɗanda suka riƙe shi kafin kai. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye kwafi, ka ba mai saye na ainihin. Rasidin gyara yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Takardar da ta nuna an canza falankai biyu a gefen hagu a shekara kaza, da irin katakon da aka sa, tana iya hana sabon mai shi kwance wurin da ba ya bukatar a taɓa.

A nan akwai abin da zai ja hankalin mai karatu na gida. Jirage da yawa da aka gina a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu da katakon Afirka ta Yamma aka yi musu jiki: loko, da wani ɗan'uwan maɗaci mai girma a dazuzzukan kudu, waɗanda ake lodawa daga tashoshi irin su Sapele da Legas. Sanin irin katakon ba don sha'awa kawai ba ne. Loko yana jure ruwa ƙwarai. Dangin maɗaci ya fi shi kyau a ido amma ya fi shi saurin ruɓewa in ruwan sama ya samu hanyar shiga. Kafintan da zai yi faci gobe yana bukatar ya san da wanne yake aiki.

In jirgin ya kai shekara 50 kuma tsawonsa ya haura ƙafa 33, yana iya shiga rajistar jiragen tarihi da hukumar National Historic Ships UK take riƙewa, wadda ke ɗauke da jirage sama da 1,000. Waɗanda ba su kai wannan tsawo ba suna da tasu rajistar a gidan tarihin harkokin teku da ke Falmouth. Akwai kuma ƙananan jiragen da suka tsallaka zuwa Dunkirk tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yuni 1940, lokacin da aka kwaso sojoji sama da 338,000 daga gaɓar Faransa. Masu waɗannan jirage sun kafa ƙungiya a 1966, kuma sukan koma Dunkirk tare duk bayan shekara 5. Jirgin da aka tabbatar ya je can darajarsa daban ce, shi ya sa ake yawan jingina wa jirage wannan labari ba tare da hujja ba. Kada ka shiga sahun masu yin haka. In abin da ka sani shi ne wanda ya sayar maka ya ce ya ji an ce, to ka faɗa a haka, ka bar mai saye ya bincika.

Abu ɗaya da ya kamata mai sayarwa ya riƙe: shiga rajistar tarihi ba ta ba jirgi kariyar doka irin wadda tsohon gini yake samu. Sabon mai shi yana da ikon ya yanke ɗakin jirgin, ya lulluɓe jikinsa da faiba, ko ya farfasa shi ya ƙona. Kariyar da ta rage wa jirgin ita ce irin mutumin da ka zaɓa ka ba.

Takardun mallaka

Wannan ɓangaren ba shi da daɗi amma gajere ne. Rajistar jiragen Birtaniya tana Cardiff. Cikakkiyar rajista, wadda ake kira kashi na ɗaya, ita ce ke tabbatar da mallaka, kuma a cikinta ake rubuta jingina in an ci bashi da jirgin. Bisa tsohuwar al'adarsu ana raba mallakar jirgi kashi 64, takardar sayarwa kuma tana faɗin kashi nawa aka miƙa. In kai da matarka ko kai da abokinka kuka mallake shi, kowa sai ya sa hannu. In na gado ne, sai an samu takardar kotu da ta ba wani izinin kula da dukiyar mamaci kafin a sayar. Akwai ƙaramar rajista ta jiragen da ba su kai mita 24 ba. Ita ba shaidar mallaka ba ce, kuma tana ƙarewa da zarar an sayar, sai sabon mai shi ya yi tasa. Jirgin da ba shi da cikakkiyar rajista, shaidarsa ita ce jerin takardun sayarwa daga hannu zuwa hannu, don haka ka nemo duk wadda za ka iya samu, har da rasidin biyan haraji in yana nan.

Ka biya duk bashin wurin ajiya da na masu gyara kafin ranar ciniki, domin mai wurin yana iya riƙe jirgi har sai an biya shi. Ka kuma gaya wa mai saye tun farko cewa gurbin da jirgin yake ɗaure yawanci ba ya bin jirgi. Yarjejeniya ce tsakaninka da mai tasha. Jirgin da ke yawo a kogi ko magudanun cikin ƙasa yana bukatar lasisi da takardar binciken tsaro mai aiki na shekara 4. Wannan takardar gas da mai da wayoyin lantarki da kayan kashe gobara take dubawa. Ba ta cewa komai game da lafiyar katako, kuma rashin gaskiya ne ka ɗaga ta a gaban wanda bai sani ba kamar shaidar jirgi lafiyarsa ƙalau. In mai sayen daga ƙasar waje yake, ka bincika batun izinin fitarwa, don kayan da suka haura shekara 50 kuma darajarsu ta kai wani mataki ba sa barin ƙasar sai da shi.

Ranar da gwani zai duba

A al'ada mai saye ne yake ɗauko gwanin duba jirgi ya biya shi, ya kuma biya kuɗin ɗaga jirgin daga ruwa. Amma ina ba mai sayarwa shawarar ya kira nasa gwanin tun kafin ya yi talla, wanda ya san katako, don ba kowane mai duba jiragen faiba ne yake jin yaren katako ba. Gara ka ji mugun labari kai kaɗai, ka shirya, da ka ji shi a gaban mai saye.

Aikin yana da ban sha'awa a kalla. Gwanin yakan zo da 'yar ƙaramar guduma da basilla da fitila. Ya bi jikin jirgin taki bayan taki yana ƙwanƙwasawa, kunnensa kusa da falanki. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, guduma ta yi tsalle ta dawo. Inda ya ruɓe sai ka ji sautin ya mutu, dum, kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Nan zai yi da'ira da alli, ya danna basilla a hankali. In ta tsaya a baki, lafiya. In ta nutse ba tare da ya sa ƙarfi ba, ya zaro ta da ɗan jiƙaƙƙen gari baƙi a tsininta, sai ka ga ya ciro littafinsa. Daga nan ya shiga ciki, ya ɗaga allunan ƙasa, ya kwanta a gefensa yana haska haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya tsage a inda ya lanƙwasa. Yakan kuma yi amfani da hanci, don ruɓaɓɓen katako yana da wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Wanda bai san jirgi ba zai ɗauka ƙasan da ke cikin ruwa ne yake fara lalacewa. Sau da yawa daga sama ɓarna take sauka. Ruɓewa aikin funfuna ne, funfuna kuma tana son katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100, a wurin da iska ba ta zagayawa. Gishiri yana rage mata ƙarfi, har maƙeran da can sukan cusa gishiri a tsakanin haƙarƙarin jirgi. Ruwan sama ne babban abokin gaba: yana bi ta gefen taga, ta mahaɗar ɗaki da doro, ta ƙarƙashin yadin da aka shimfiɗa a rufi, ya zauna a ƙarshen katakan da ido ba ya kaiwa. Don haka in ka san inda jirginka yake ɗiga in an yi ruwa, ka nuna wurin da yatsa.

Sai kuma ƙarafa. Itacen ok, wanda aka fi yin haƙarƙari da ƙashin bayan jirgi da shi a Ingila, yana da wani tsami da ke cin baƙin ƙarfe. Manyan ƙusoshin da suka riƙe nauyin da ke ƙasan jirgi suna iya zama da kai mai kyau a sama da ƙasa, alhali tsakiyarsu ta cinye ta koma kamar fensir. Ba a sanin haka sai an zaro ɗaya an gani, kuma in mai saye ya nemi a zaro, ka yarda. Sukurorin farar tagulla su ma suna gajiya a ruwan gishiri, launinsu ya koma ja-ja, su riƙa marmashewa. In wani kafin kai ya lulluɓe jikin jirgin da faiba, ka faɗa, ka kuma faɗi abin da ka sani game da dalilin, domin ruwan da ya shiga tsakanin faiba da katako ba shi da hanyar fita. Tsohon fenti mai gubar darma, da naɗin asbestos a bututun hayaƙin inji, su ma a ambace su, tunda sabon mai shi zai zo ya kankare yana shaƙa.

Dokar Ingila, a cinikin da ke tsakanin mutum da mutum, ta fi ɗora nauyin bincike a kan mai saye. Ba ta tilasta maka ka lissafa kowane aibi, sai dai in ka faɗi ƙarya ya dogara da ita ya saya, to yana da hanyar kai ka kotu. Mu kuwa mun taso da hukuncin da ya fi wannan tsanani: malamai sun koya mana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayarwa in ya gano abin da aka rufe masa. A sha'anin jirgi wannan shi ne mizanin da ya dace, ko a Ingila ko a Yawuri, domin aibin da aka ɓoye a ruwa zai bayyana, lokacin da akwai mutane a ciki. Waɗanda suka tuna jirgin katakon da ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, ɗauke da fasinjoji masu yawa, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan abin da ke faruwa in jirgi ya gaza a tsakiyar kogi. Ka rubuta aibobin duka a takarda, har waɗanda gwani bai gano ba, ku sa hannu ku biyu.

Wa za a ba?

Farashin tsohon jirgin katako ba ya bin abin da aka kashe masa. Ana samun jirage masu kyakkyawan tarihi da ake bayarwa a kan fam 1, domin farfasa jirgi da zubar da shi ma kuɗi ne mai yawa, kuma kuɗin ajiya ba ya tsayawa. Ka sa farashi daidai da rahoton gwani, ka rage abin da gyaran gaggawa zai ci. Amma kada ka karya shi har ya zama kowa zai iya ɗauka, don arha tana jawo masu mafarki, waɗanda suke da kuɗin saye ba su da na riƙo.

Inda ka yi talla shi ke zaɓo maka irin mutanen da za su zo. Ƙungiyar masu irin jirginka, mujallu irin su Classic Boat, dillalan da suka ƙware a jiragen katako, taron tsofaffin jirage da ake yi a Henley a bakin Kogin Thames kowace bazara, da bakin kafintocin wurin da kake ajiya: nan ake samun waɗanda suka san abin da suke nema. In ka sa dillali, ku daidaita la'adarsa a rubuce tun farko.

Zaɓen mai saye kamar aurar da 'ya ne: wanda ya fi kawo kaya ba lalle shi ne ya fi iya riƙo ba, kuma bincike haƙƙinka ne. Ka tambaye shi ina zai ajiye jirgin, ya riga ya samu gurbin ko yana fata ne. Wa zai yi masa aikin katako, ko shi da kansa ya iya? Nawa ya ware don shekarar farko? Iyalinsa sun san da maganar? Ka lura da abin da yake kallo in ya hau. Wanda ya wuce kai tsaye ya ɗaga allunan ƙasa ya sa hannu a ruwan da ya taru, ya tambayi yaushe aka canza ƙusoshi, hankalina ya fi kwanciya da shi fiye da wanda ya tsaya yana ɗaukar hoto a bayan sitiyari. Wanda ya fara da lissafin bangon da zai rushe da tagogin da zai faɗaɗa, ka ce masa albarka. Wanda ya ce ba ya bukatar gwani ya duba domin ya yarda da kai, ka matsa masa ya kira gwani; kamfanin inshora ma zai nemi rahoton kafin ya karɓi tsohon jirgi. Matashi mai ƙaramin ƙarfi amma mai hannu da haƙuri, wanda yake da wurin ajiya, ya cancanci a rage masa.

Za ka iya rubuta sharaɗi cewa in zai sayar ya fara tuntuɓarka. Yana da kyau a rubuta, amma kada ka dogara da shi sosai. Tilasta irin wannan sharaɗi bayan jirgi ya bar hannunka abu ne mai wuya da tsada.

In kun daidaita, ku rubuta yarjejeniya. Ƙungiyar masu tuƙin jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, RYA, tana da samfurin da mutane ke amfani da shi. Yawanci ana ba da kashi 10 cikin 100 na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, da sharaɗin cewa cinikin ya dogara ga rahoton gwani da gwajin tuƙi, a kuma sa wa'adi. Ku lissafa abin da ke bin jirgin ɗaya bayan ɗaya: zannuwan iska, igiyoyi, ƙaramin kwale-kwale, batir, kayan gyara. Rigima ta fi tashi a kan ƙananan kaya irin agogon tagulla ko fitilar da mai saye ya gani a bango ranar farko ya dawo bai gan ta ba. In akwai abin da ba za ka iya rabuwa da shi ba, ka cire shi tun kafin kowa ya zo gani. Kada ka miƙa takardar sayarwa da makulli sai kuɗi sun zauna a asusunka, kada kuma ka soke inshorarka sai ka tabbata tasa ta fara aiki.

Abin da ke cikin kanka

Akwai wani kaya da ba ya cikin fayil, kuma shi ne aka fi mantawa. Shekarun da ka yi da jirgin sun koya maka halayensa, har ka daina jin cewa ilimi ne. Ka sayi littafi ka zauna a cikin jirgin ka rubuta. Ruwa nawa yake sha a mako in yana lafiya, don sabon mai shi ya gane ranar da ya wuce haka. Ramuka nawa ne suka ratsa jikinsa a ƙarƙashin ruwa, ina makunnin kowanne yake, wanne ne yake da tauri. Wane fenti da wane man katako kake shafawa, don wani ba ya hawa kan wani. Ta wane gefe yake karkata in an sa shi baya. Ina masu ɗagawa za su sa ɗamara, ina ba za su sa ba.

Inji yana bukatar shafinsa daban. Tsofaffin injuna irin Stuart Turner na Henley, ko Kelvin na Glasgow, ko Gardner na Manchester, kowanne da yadda ake lallaɓa shi. Ka tsaya kusa da mai saye ka bar shi ya tayar da shi da hannunsa tun yana sanyi: ya buɗe famfon ruwan sanyaya inji, ya buɗe mai, ya juya hannun tayar da injin har ya ji inda yake turjewa, ya leƙa baya ya tabbata ruwa yana fita tare da hayaƙi. In na fetur ne, ka sa shi ya sunkuya ya shinshina ƙasan jirgin kafin ya taɓa komai, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, can yake kwanciya. Ya yi sau biyu ko uku kana kallo ba ka sa hannu ba. Ka ba shi lambar wanda ke sayar da sassan injin da ta kafintan da ya san jirgin, ka kuma gabatar da su da bakinka.

In za a ɗauke jirgin a mota zuwa wani gari, a samu direban da ya saba da jiragen katako. Nauyin ya zauna a kan ƙashin baya, tokaran gefe kuma aikinsu hana karkata ne kawai. In aka bar nauyi a kansu sai falanki ya lotsa. A guji barinsa a tudu cikin zafin bazara. Katako yana tsukewa in ya bushe, tsagogin da ke tsakanin falankai su buɗe har ka hango haske daga ciki. Wannan ba lalacewa ba ce, amma sabon mai shi da bai sani ba yana iya firgita ya cika tsagogin da auduga da abu mai tauri. In ya yi haka, ranar da katakon ya sha ruwa ya kumbura ba zai samu wurin motsi ba, sai falanki ya bauɗe ko haƙarƙari ya tsage. Ka gaya masa a shafa abu mai laushi, a sauke jirgin a hankali a bar shi rataye a ɗamara, famfo yana aiki, mutum yana kusa, har ya sha ruwa ya haɗe bakinsa. Wani jirgin kwana ɗaya ya ishe shi, wani sai ya kwashe kwanaki. Kai ka san na jirginka, ka rubuta masa.

Bayan an sallama akwai 'yan sanarwa. Ka mayar da lasisin rediyon jirgin ga hukumar Ofcom don sabon mai shi ya karɓi nasa. In akwai na'urar kiran agaji, a canza sunan da ke kanta a rajista, in ba haka ba ranar da ta yi ƙara gidanka za a kira. Ka sanar da rajistar tarihi da ƙungiyar masu irin jirgin. Sannan ka bar wayarka a buɗe a shekarar farko, ka amsa in an tambaye ka, ka kame bakinka in ba a tambaye ka ba. Zai canza launin fenti, zai matsar da abin da ka saba gani a wani wuri. Nasa ne yanzu.

Wani lokaci mai saye ba ya samuwa. Mutane sukan ɗauka gidan tarihi zai karɓa da murna, amma gidajen tarihi su ma nauyin nasu ya ishe su, da wuya su karɓi jirgi ba tare da kuɗin riƙonsa ba. Jirgin City of Adelaide, wanda aka gina a Sunderland a 1864, ya girmi shahararren jirgin nan Cutty Sark da shekara 5, amma ya shafe shekaru a tudu a Irvine ta Sikotilan har gidan tarihin da ke riƙe da shi ya nemi izinin kwance shi. Masu sa-kai daga Ostireliya ne suka cece shi, ya isa tashar Adelaide a watan Fabrairun 2014. In jirgi mai wannan suna ya kusa tafiya haka, ƙaramin jirgi bai kamata ya zauna jiran gidan tarihi ba. Ka gwada ƙungiyoyin sa-kai, da makarantun koyar da ginin jirgi, da bayarwa kyauta ga wanda ka bincika ka gamsu da shi. In duk ba su yiwu ba kuma gwani ya ce katakon ya gama, to a kwance shi da tsari. A auna siffar jikinsa a zana, a ɗauki hoton kowace mahaɗa yayin da ake buɗe ta, a ajiye katakon da ke ɗauke da lambarsa da allon maƙerinsa, a ba masu irin jirgin kayan tagulla da inji, sannan a kai fayil ɗinsa ga rajistar da sunansa yake ciki.